An saka sunan maigidana a masu tafiya Gambiya, ku ba ni shawara

Salam 'yan uwa. Maigidana soja ne, jiya ya dawo yake ce min sunansa ya fito a masu tafiya Gambiya aikin ECOWAS, ni ko inda ƙasar take ban sani ba, surukata kuwa tun dare take kuka wai irin Laberiya ce ta zamanin ECOMOG, rundunar ECOWAS da ta yi yaƙi a can. Ga ciki wata shida. Yaƙi ake a can? Kuma in zauna a bariki ko in tafi gidanmu?

Baba mai ritaya: 'Yata kwantar da hankalinki, ba yaƙi ake ba. Ƙasar 'yar firit ce, Senegal ta zagaye ta ko ta ina sai ɓangaren teku, mutanenta ba su kai na birnin Kano ba. Abin da ya kai sojan waje can, shugabansu na lokacin Yahya Jammeh ya faɗi zaɓen Disamba 2016 ya ce ba zai sauka ba, sai ECOWAS ta shiga a Janairun 2017 ya tsere Equatorial Guinea, Adama Barrow ya hau. Tun lokacin Senegal da Najeriya da Ghana suke da mutane a can, gadi ne da sintiri. Kuma mu ba baƙi ba ne, kafin juyin mulkin Jammeh na 1994 ma hafsoshinmu ne ke riƙe da rundunarsu.

Wani ɗan bariki: Baba a faɗa mata duka dai. A Janairun 2022 'yan tawayen Casamance, yankin kudancin Senegal, sun kashe sojojin Senegal na rundunar ECOWAS ɗin a bakin iyaka suka kama wasu, Disamba na shekarar kuma gwamnati ta ce ta daƙile yunƙurin juyin mulki. To amma namu an fi ajiye su wajen Yundum kusa da filin jirgi. Wanda ya yi Borno wannan hutu ne wallahi.

Maman biyu: Ni maganar ciki ce ta dame ni ba siyasarsu ba. Ki tafi gida ki haihu gaban Mama, amma kar ki kwashe kaya, ki bar ƙaninsa ko wani yana kwana a ɗakin. Sannan tun kafin ya tafi ku zauna ku yi maganar kuɗi ƙarara, nawa zai dinga turowa, katin banki a hannun wa zai zauna, don alawus ɗin waje yana iya jinkiri kuma dangi da sun ji "waje" sai su ɗauka dala yake shara, ni na ga yadda aka yi da wata maƙociyata.

Mai tambaya: Na gode sosai, Allah ya saka. Waya fa, ana samu?

Wani ɗan bariki: Ana samu, WhatsApp lafiya lau. Agogonsu yana bayanmu da awa ɗaya, kar ki kira da asubarki ki tashe shi. Ki faɗa wa Hajiya yawancinsu Musulmi ne, ko Juma'a ba za ta wuce shi ba.