Babban hedifon a ɗakin hostal: wanne ya yi muku aiki?

Sabon Shiga

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na samu gurbin karatu a jami'a, an ba ni gado a hostal, mu shida a ɗaki. Yayana ya ce zai saya mini hedifon irin manyan nan masu rufe kunne gaba ɗaya, in zaɓa in faɗa masa. Abin da zan riƙa saurara shi ne lakcocin da aka naɗa, karatun Alƙur'ani, sai waƙa da fim idan kai ya ɗau zafi. Ina da laftof da wayar Android. Don Allah waɗanda suka yi zaman hostal da irinsa, ku faɗa mini abin da kuka gani, ba abin da aka rubuta a jikin kwali ba.

Ɗan Gadon Sama

Wa alaikumus salam, Allah ya sa ka shiga a sa'a. Ni ta ɓangaren maƙwabci zan ba ka labari. Wanda ke kwana a gadon ƙasa da nawa yana da wani hedifon mai raga a bayan kowane kunne, kana iya hango lasifikar ta ciki. Da rana babu wanda ya damu. Amma da zarar dare ya raba, ɗaki ya yi tsit, duk abin da yake ji mu ma muna ji. Har jerin waƙoƙinsa muka haddace, mun san wadda za ta biyo bayan wadda. Shi kuma ga shi bai tsira daga surutunmu ba, domin ragar da ke fitar da sautinsa ita ce ke shigar masa da namu. Ƙarshe dai ɗakin karatu ya koma kaiwa, can ma aka yi ta harararsa.

Saboda haka kafin ka tambayi suna ko kuɗi, juya hedifon ɗin ka dubi bayansa. In raga ce, ajiye. Rufaffe kake nema.

Mai Son Sauti

Ɗan Gadon Sama, kada ka ɓata wa masu raga suna, ba laifinsu ba ne, haka aka ƙera su da gangan. Iska na ratsawa, sauti ba ya komowa ya yi gunji a cikin kofin, shi ya sa ake jin kiɗa a baje kamar a fili ake yinsa. Sennheiser HD 600 tun 1997 yake kasuwa kuma har gobe ana auna wasu da shi. Nawa mai raga yana gida, sai hutu nake jin daɗinsa. Amma a ɗakin mutum shida, na yarda, ba wurinsa ba ne. Ka kuma yi hattara da waɗanda ake cewa rabi buɗe rabi rufe, irin su Samson SR850 da Superlux HD 681. Suna da sauƙin kuɗi, sautinsu ya fi kuɗinsu, sai dai su ma suna zubar da ƙara waje.

Injiniya Sai Baɗi

Ƙanina, akwai wata lamba a jikin kwalin da ya kamata ka karanta, ita ce om (ohm), wato ma'aunin turjiyar da hedifon yake yi wa lantarki. Gwargwadon yawanta, gwargwadon ƙarfin lantarkin da hedifon yake nema kafin ya yi ƙara sosai. Beyerdynamic DT 770 Pro, wanda rufaffe ne, yana zuwa da om 32, da 80, da 250, kuma a ido kusan duk ɗaya suke. Na taɓa jona na om 250 na wani abokina a wayata, na ƙure maɓallin ƙara, amma sautin kamar daga ɗakin maƙwabta yake fitowa. Da muka jona shi a na'urar naɗar sautin da yake aiki da ita sai ya farka. Wannan don situdiyo aka yi shi. Kai da waya da laftof ne jarinka, tsaya tsakanin 32 da 80.

Ni Audio-Technica M40x nake amfani da shi, om 35. Yayansa M50x om 38 ne, ya fi shi bes, wato sauti mai kauri, ya kuma fi shi tsada. Abin da ya sa na zaɓi M40x ba sauti ba ne kaɗai: igiyarsa ana cire ta. A hostal igiya ce ke fara mutuwa, yau ta maƙale a ƙarfen gado, gobe wani ya taka, jibi ka miƙe ka manta tana jone da laftof. In mai cirewa ce, ka sayi wata. In a manne take, sai mai gyaran rediyo da dalmarsa.

Sony MDR-7506 ma na gwada a gidan rediyon da na yi aikin koyo. Om 63 ne, tun 1991 ake yinsa, kuma wajen fitar da muryar mutum tangararan ban ji kamarsa ba. Don lakca da ƙira'a ya yi. Igiyarsa dai murɗaɗɗiya ce mai tsawo da nauyi, kuma ba a cire ta, sai ka san yadda za ka zauna da ita a kan gado.

Wani abu kuma, duba ko wayarka tana da ramin hedifon na milimita 3.5. Tun da Apple ya cire shi daga iPhone 7 a 2016 kamfanoni da yawa suka bi sahu, ko da yake yawancin Tecno da Infinix da itel da ke hannun ɗalibai suna da shi. In babu, akwai ɗan guntun mahaɗi na USB-C, ka sa shi cikin lissafi.

Sabon Shiga

Na gode Yaya Injiniya, wayata tana da ramin. To mai Bluetooth fa, irin masu kashe hayaniya? Yayana shi ya fi so ya saya mini.

Mujiya

Shi nake da shi, Soundcore Life Q30, kuma ga gaskiyar abin da yake yi. Akwai ƙananan makirfo a jikinsa da ke sauraron ƙarar waje, sai ya fitar da kishiyarta ta soke ta. Dabarar tana ci ne a kan ƙara mai kauri da ba ta canzawa: fankar sama, gurnanin janareta daga shagunan bayan hostal, injin mota a hanyar tafiya hutu. Waɗannan kana danna maɓalli sai su lafa. Amma musun ƙwallo? Ranar da Barcelona da Madrid suka buga, babu na'urar da za ta cece ka. Muryar mutum tana hawa tana sauka, ga kaifi, ba ya iya bin ta. Abin da ke rage murya shi ne soson kunnen ya manne da kyau, wannan kuwa mai igiya ma yana yi.

Batir ɗinsa kamfanin ya ce awa 40 da kashe hayaniya a kunne, ni dai nakan yi kwanaki ban nemi soket ba. Sony WH-1000XM4 awa 30 ne, ya fi nawa iya kashe ƙara nesa ba kusa ba, na ji na wani, amma kuɗinsa ba na ɗalibi ba ne. Duk wanda za ka saya, ka tabbata yana da ramin igiya, don ranar da aka ɗauke wuta kuma jarrabawa ta matso.

Injiniya Sai Baɗi

Mujiya, ka manta ka faɗa masa cewa batir yana tsufa, zafi kuma yana ƙara tsufar da shi. Mai igiya zai iya raka shi har bautar ƙasa. Sannan soket biyu ne a ɗakinmu, ga wayoyi, ga laftof, ga hita. Ba na son ƙarin abin da zan bi layi dominsa.

'Yar Ɗaki Na Tara

Duk kun yi ta maganar sauti, babu wanda ya ambaci zufa. Ku bari Afrilu ta zo, rana ta haura digiri 40, wuta ta tafi, fanka ta tsaya. Soson da aka lulluɓe da fatar roba ya fi toshe ƙara, amma kafin ka gama lakca ɗaya kunnenka ya jiƙe. Da tafiya ta yi tafiya fatar takan fara saɓulewa, ka cire hedifon ka ga baƙin ɓurɓushi a kumatu. Na yadi mai laushi, irin wanda ke kan DT 770 na om 80, ya fi shan iska, ana kuma iya cire shi a wanke, sai dai yana kwasar ƙurar hunturu. Ni na fatar nake da shi, ina goge shi da ƙyalle bayan na cire, ba na barinsa inda rana ke faɗowa ta taga. Kafin ka saya, tambayi ko ana samun soson canji na irinsa.

Ga 'yan'uwa mata da za su karanta: ku gwada shi a yadda za ku riƙa sa shi. Kan hijabi sautin yana dusashewa kuma ba ya mannewa, ƙarƙashinsa kuma zafi. In kitson ya taru a tsakiyar kai, sandar sama tana danna shi. Ni ga tabarau kuma, ƙafarsa tana ɗaga soson ta bar kafa, bes ya ragu, surutu ya shigo, bayan kunne ya yi ciwo in hedifon ɗin mai matsewa ne.

Sai aro. Ka shirya amsarka tun yanzu, ƙanina, domin ranar farko za a ce “ɗan ba ni in ji”.

Ɗan Gadon Sama

Aro ma da sauƙi, Anti. A ɗakin da ke kallon namu an rataye wani a ƙarfen gado aka tafi masallaci, har yau ana cigiya. Saya mai naɗewa wanda zai shiga akwati ka sa kwaɗo. Kuma kada ya fi ƙarfin abin da za ka iya jure rashinsa.

Ɗalibar Likitanci

Abin da ya sa nake goyon bayan rufaffe ya wuce zaman lafiya da abokan ɗaki. Idan hayaniya tana shigowa, hannu da kansa yake zuwa ya ƙara murya, mutum bai sani ba. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ga babba shi ne desibel 80 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) na tsawon awa 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokacin biyu. Wato a 83 awa 20 ne, a 86 awa 10. Ƙwayoyin ji na cikin kunne in sun mutu ba sa sake tsirowa. Akwai 'yar ajinmu da ta yi makon jarrabawa da iyafis a ƙure don ta danne surutun ɗaki, ta zo tana cewa kunnenta yana ta ƙara ko a wuri shiru. In ka cire hedifon ka ji haka, ko ka ji maganar mutane ta dusashe, ka wuce iyaka. Daidaita ƙarar lokacin da ɗaki yake shiru, kada ka taɓa ta idan aka fara surutu.

Kada kuma ka yi barci da shi. A wasu wayoyin ƙararrawa takan bi ta cikinsa, in ya zame daga kanka cikin dare ba za ka ji ta ba, ga asuba ga lakcar ƙarfe takwas.

Tsohon Ɗalibi

In da hali kada yayanka ya saya shi kaɗai, ku je tare, ko Farm Centre ne a Kano ko Banex a Abuja, inda za a bari ka sa a kai. Tafi da wayarka da abin da ka saba ji, har da lakca ɗaya. Ka sa shi ba tare da kunna komai ba, yayanka ya yi maka magana, ka ji nawa ya rage. Sannan shi ya sa, ka kunna daidai yadda za ka riƙa ji, ka ja baya kamar taku biyu. Abin da ka jiyo daga nan shi ne abin da na gadon kusa da kai zai riƙa ji da dare. Ka bar shi a kanka ku yi ta ciniki, in zai matse ka, kafin a daidaita farashi ka ji. Masu manyan suna ana yin jabunsu da yawa, kwali da tambari duk iri ɗaya, don haka in aka faɗi kuɗin da bai kai rabin na sauran shaguna ba, ku wuce gaba. A rubuta muku rasit da sunan samfurin a jiki, ku kuma yi magana a kan kwana nawa za a iya dawo da shi in kunne ɗaya ya ɗauke.