Wa ya taɓa shiga jirgin ruwan yawon shaƙatawa? Na ga wata promo ina neman shawara

DanBirni:
Assalamu alaikum ƴan'uwa, ina wuninku. Don Allah tambaya gare ni ga waɗanda suka san harkar tafiye-tafiye. Kwanan nan duk na buɗe Facebook sai tallar manyan jiragen ruwan nan ta fito mini, masu bene-bene da ake kwana ciki ana ci ana sha ana zagaya garuruwa. Wadda ta tsaya mini a rai an rubuta dare 7 a tekun Bahar Rum, a tashi Barsalona a je Marsai, Jenowa, Roma, Palermo a dawo, wai yuro 499 har da abinci. Na buga lissafi yuro ɗaya sefa 656 ne, kenan jika 327 da ƴan kai. Abin ya ban mamaki gaskiya, araha ta yi yawa.

Madam nake son in kai cikin Desamba in Allah ya kai mu, tunda muka yi aure ba ta wuce Kano da Yamai ba kuma gorin ya ishe ni. To wannan kuɗin gaskiya ne ko ƴan damfara ne? Biza nawa mutum zai nema tunda ƙasashe uku ne? Sannan maganar abinci da sallah ya ake ciki, kar in kwashi ƴar mutane in kai ta inda ba za ta iya cin komai ba sai burodi.

Baban Yasmin:
Wa alaikumussalam ƙanena. Ni ɗan Zongon Damagaram ne amma a Marsai nake zaune, jiragen nan kullum ina ganinsu a bakin teku kuma mun taɓa shiga da iyali, bari in faɗa maka abin da na sani.

Farashin zai iya zama gaskiya, kamfanoni irin su MSC da Costa suna karya kuɗi lokacin sanyi saboda Turawa ba su cika fita ba. Amma ka karanta ƙananan rubutun da ke ƙasan tallar. Wannan 499 ɗin na mutum ɗaya ne bisa sharaɗin ku biyu ne a ɗaki, kenan ka ninka shi tun yanzu. Kuma ɗakin na can ciki ne wanda ba taga ko ɗaya, in ka kashe fitila ba ka sanin safiya ce ko dare sai ka duba agogo, mai taga ko mai baranda kuɗinsa daban. Akwai kuɗin hidimar ma'aikata wajen yuro 12 kowane dare kan kowane babba, wani lokaci yana cikin farashin wani lokaci sai ranar sauka ka gan shi a takarda. Abinci kam kyauta ne ka ci har ka gaji, amma lemon kwalba da ruwan gora da intanet duk saye ake. Af, kuma ka kashe data in jirgi ya shiga tsakiyar teku, rezon da wayarka za ta kama na tauraron ɗan'adam ne, minti kaɗan ya cinye maka kiredi.

Duk wannan ma ƙaramin abu ne. Bature da ke Barsalona taksi zai hau ya je bakin jirgi, kai kuwa sai ka hau bas ka yi kilomita wajen 900 daga Damagaram zuwa Yamai, ka sayi biyen jirgin sama na mutum biyu zuwa da dawowa, ka biya ta Kasabalanka ko Istanbul, ka kwana otel a Barsalona don ba a isa ranar da jirgin ruwa zai tashi, in jirgin samanka ya makara shi kenan kuɗi sun bi ruwa. Biyen nan kaɗai ya fi kuɗin jirgin ruwan nesa ba kusa ba.

Biza kuwa guda ce, ta Shengen, ta ishe ka Sipaniya da Faransa da Italiya. Kuɗinta yuro 90 tun watan Yunin 2024, wajen jika 59 kowane mutum, in sun hana ka ba a mayarwa. Sai asirans na lafiya da ya kai yuro 30,000, takardun banki, takardar kasuwancinka, duk a dosiye. Ka san ambasad ta Faransa a Yamai rufe take tun farkon 2024, don haka ka fara bincikar inda za ka ajiye dosiye da lokacin da za a ba ka randebu kafin ka biya ko dala. In jirgin zai tsaya Tunis to ka fita Shengen kenan, sai da biza mai shiga da fita sau da yawa, in ba ita gare ka ba tun wajen shiga za su tsayar da kai. Paspo ma ya zama da sauran wata 6 aƙalla.

Abu na ƙarshe da tallar ba ta faɗa. Sun rubuta Roma ko? Roma ba ta bakin teku, jirgi yana tsayawa ne Cibitabekiya, kilomita wajen 80, sai ka hau jirgin ƙasa sama da awa ɗaya. Ku sauka da safe, ku isa hantsi ya yi, ku ga Kolosiyam ku ɗauki hoto, kafin ku ce za ku leƙa Batikan lokacin juyawa ya yi, ga Desamba ƙarfe 5 duhu ya fara. Kuma jirgi ba ya jiran wanda ya fita da kansa, in kun makara sai dai ku bi shi gari na gaba da kuɗin aljihunku. Marsai ce mai sauƙi, ku hau tudun cocin Notre-Dame de la Garde ku ga gari duka a ƙasanku, ku gangaro unguwar Noway inda Larabawa da ƴan Afirka suke, nama halal ko ta ina. In kun zo ni zan tarbe ku da kaina.

Oga Tela:
Hhhh DanBirni kai da ko kwalekwalen tafkin Gidimuni ba ka yarda ka shiga ba shi ne za ka kai madam tsakiyar teku cikin hunturu? Allah ya kiyaye hanya, a taho mana da tsaraba.

Hajiya Mai Atamfa:
Kai dai Oga Tela ba ka rabo da tsokana. Ɗana saurara, duk abin da Baban Yasmin ya faɗa haka yake, ni shawarata ka bar Turai tukuna. Ni fataucin kaya ke kai ni Alƙahira, can na samu labarin jirgin Kogin Nilu har muka shiga da ƙanwata, kuma wallahi ga mutum irinmu ya fi dacewa. Misira ce kawai, ƙasa ɗaya biza ɗaya, kogi ne ba igiyar ruwa balle amai da jiri, ƙasar Musulmi ce nama ba fargaba, kana kwance kana jin kiran sallah daga ƙauyukan bakin ruwa. Mu ƴan Damagaram ma muna da sa'a, Kano kilomita 240 ce kacal kuma EgyptAir na tashi daga can kai tsaye zuwa Alƙahira. Ka riƙe katinka na rigakafin ciwon shawara.

Jirgin yana tafiya ne tsakanin Luksor da Aswan, dare 3 in daga Aswan aka taso, dare 4 in daga Luksor, ba irin dodannin tekun nan ba ne masu ɗaukar dubban mutane, ƙanana ne, kafin ku sauka kun san fuskar kowa. A Luksor akwai Karnak, tsohon wurin bautar zamanin Fir'auna, ginshiƙan dutse 134 a zaure guda, kowanne sai ka ɗaga kai har ɗankwali ya zame, sai a ƙetare kogi a je kwarin da aka binne Fir'aunoni, can ne aka gano kabarin Tutankamun a 1922. Fentin bangon kaburburan nan kamar jiya aka shafa shi alhali ya haura shekara 3,000. Ƙanwata da farko cewa ta yi ita ba ta zo kallon gumaka ba, da muka shiga ita ce ta ƙi fitowa tana ta salati.

Abin da ya fi ba ni dariya a Esna ne, inda jirgi ke shiga wata mashiga a rufe ƙofa ruwa ya ɗaga shi sama. Kuna jiran layi sai ga ƴan kwalekwale sun manne wa jirgi da igiya, su ƙulle jallabiya ko mayafin tebur a leda su wurgo maka har saman bene, ka buɗe ka duba ku yi ta ciniki da ihu kai a sama shi a ƙasa, in an daidaita ka sa kuɗi a ledar ka jefa masa, in ba a daidaita ba ka mayar masa da kayansa. Kamar Kasuwar Dole ranar Alhamis, sai dai a kan ruwa. Wanda ya iya ciniki a gida ba za a cuce shi can ba, ka raba kuɗin da suka faɗa gida uku ka fara daga nan.

Tsohon wurin bautar Edfu da keken doki ake zuwa, ku yi tsada da mai keken zuwa da dawowa tun kafin ku hau. Kom Ombo akwai kadoji da aka busar tun zamanin Fir'auna suna ajiye a gilashi. Aswan kuma madatsar ruwan da aka gama a 1970 da tsibirin Fila. Desamba lokaci ne mai daɗi sai dai ƙarshen wata kuɗi na tashi saboda Turawa na zuwa bakans, in za ka iya ku tafi farkon wata ko ku bari sai bayan sabuwar shekara. Ka kuma tambaya ko kuɗin shiga wurare da na mai yi muku jagora suna cikin farashi, sai bakshish, can kowa hannu a miƙe, ka tanadi canji.

Wani abu, kar ka tura kuɗi ta waya wa wanda ka gani a Facebook. Wani ɗan ajans ya taɓa karɓar mini abans na biye, na yi ta sintiri kafin rabi ya fito. Ka je ofis, ka ga takarda mai lambar rajistar ɗakinku, ka duba ta a shafin kamfanin jirgin da kanka.

Malam na Garin Malam:
Assalamu alaikum. Kan maganar sallah da ɗan'uwa ya yi, matafiyi yana da rangwamen ƙasaru, kuma sallah a jirgin ruwa malamai sun daɗe da yin bayaninta, ka fuskanci alƙibla gwargwadon iko, ka tsaya in za ka iya, in jirgi na tangaɗi ka zauna. Ka tafi da darduma da ƴar buta don bayin nasu ba ruwan tsarki. Abin da zan ja hankalinka shi ne manyan jiragen Turai akwai mashaya a kowane bene, akwai gidan caca, ga wurin wanka a sama mata da maza a haɗe, ba wanda zai tilasta maka amma ka sani kafin ka kai iyali. Naman ma ba garanti sai ka nema a rubuce tun wajen biyan kuɗi, in ba haka ba kifi da ganye da taliya.

Saudiyya sun fito da nasu jirgin, AROYA, ya fara aiki Desambar 2024 daga Jidda, yana ɗaukar mutum sama da 3,000, ba giya ba caca, abinci halal, akwai wurin sallah. Yana zagaya Bahar Maliya zuwa irin su Sharm el-Sheik da Aƙaba ta Jodan, da zafi kuma ya koma Istanbul. Jidda zuwa Makka kilomita wajen 80 ne, mai hali sai ya haɗa da umara, amma ka tambayi ajans ko bizar da za su yi maka tana bari ka fita Saudiyya ka sake shiga, nan ne ake samun matsala.

DanBirni:
Kai jama'a Allah ya saka da alheri. Yaya Baban Yasmin na sake buga lissafi da biye da biza da otel, jika 327 ta koma sama da miliyan biyu, na yi shiru na rufe kalkuleta. Oga Tela zan kama ka a shago. Malam na gode, wannan na Jidda zan ajiye shi a rai.

Hajiya ni kam hankalina ya koma Nilu. Sai dai na yi subutar baki a gida, tsohuwa ta ji, ta ce ita ma ƙafarta ƙafarmu tana son ta ga ƙasar Annabi Musa. To gwiwa ke damunta, ko masallacin Juma'a sai an kai ta da adaidaita. Za ta iya kuwa?

Hajiya Mai Atamfa:
Ayya, a gaishe da Inna. Za ta iya amma sai da dabara. Yawancin jiragen Nilu ba su da na'urar hawa bene, matakala ce, ɗakin cin abinci a ƙasa wurin shan iska a can sama, don haka ka nemi jirgi mai na'urar ko a ba ta ɗaki a benen da ƙofar fita take, a rubuta maka a takarda ba da baki ba. Kuma jiragen jeruwa suke a bakin ruwa gefe da gefe, wani lokaci sai ka ratsa ta cikin uku ko huɗu kafin ka taka ƙasa, tsakanin kowanne akwai ɗan tsallake, a riƙe mata hannu. Kaburbura gangara ne mai zurfi da zafi a ciki, ta shiga guda mai sauƙi ta huta, Karnak fili ne shimfiɗe za ta lallaɓa. Ku ukun kuma ɗaki biyu ne, mai kwana shi kaɗai ana ƙara masa kuɗi, gara ka tambayi ɗaki mai gado uku ko ka ɗauko ƙanwarka ta kwana da ita. Tana da paspo ma kuwa? In babu ka fara da wannan gobe, Desamba ba nisa.