Sunayen da ke ƙarƙashin alamomin fuskar kwamfuta: ta yaya zan ɓoye su?

Uwar Biyu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Na sa hoton yarana a fuskar kwamfutata, Windows 11 ce, sai rubutun da ke ƙarƙashin alamomin manhajoji ya bi ya rufe musu fuska. Alamomin ba su dame ni ba, kowacce da gani na san ta. Sunayen kawai nake so su tafi. Da dabara?

Mai Gyara: Wa alaikumus salam Hajiya. Windows ba ta tanadi wurin kashe sunayen su kaɗai ba. Abin da take da shi shi ne ki danna maɓallin dama na linzamin kwamfuta (mouse) a wurin da babu alama, ki shiga View, ki cire alamar Show desktop icons, amma wannan kwashe komai yake yi, alamomi da sunaye duka. Dabarar da muke yi ita ce sauya suna. Ki zaɓi alamar, ki danna F2, ki goge sunan, ki riƙe Alt ki buga 255, ki saki, sannan Enter. Wannan lambar gurbi take rubutawa wanda ido ba ya gani, ita kuwa Windows tana ɗaukarsa a matsayin suna. Sai dai dole lambobin gefen dama na kibod za ki buga, Num Lock a kunne. Na jeren sama ba sa yi.

Uwar Biyu: Ta farko ta yi, Malam, Allah ya saka. Ta biyun ta ƙi, wai akwai mai irin sunan.

Mai Gyara: Haka ne, abu biyu ba sa zama wuri ɗaya da suna ɗaya. Ta biyu ki buga lambar sau biyu, kina sakin Alt a tsakani, ta uku sau uku, haka har ki gama.

Ɗan Auta: Masu laftof marar lambobin gefe, ku nemi Character Map a Start, ku kwafi No-Break Space, lambarsa U+00A0, ku liƙa a wurin suna.

Yaya Babba: Hajiya, kafin ki ci gaba ki duba abu ɗaya, don Allah. Ki yi wannan a kan masu ƙaramar kibiya a kusurwa kaɗai, su ne gajerun hanyoyi, ba su ne ainihin fayil ba. Kar ki taɓa takardunki. Na taɓa goge sunayen takardun Word guda shida da ke fuskar kwamfutata, dukkansu alama ɗaya, shuɗiya mai W. Ranar da zan tura ɗaya cikin gaggawa sai da na buɗe su ɗaya bayan ɗaya, ga shi neman suna bai amfane ni ba tunda babu sunan. Ban da wannan, in akwai mai raunin gani da ke amfani da kwamfutar, Narrator, wato manhajar Windows mai karanta rubutu da murya, sunan yake karanta masa. Kin goge, kin hana shi sanin abin da ya taɓa. In kika yi kuskure nan take, Ctrl da Z na maido da tsohon suna.

Ɗan Auta: Gaskiya ne Yaya. Ni shawarata ma ki kwashe manhajojin da kike buɗewa kullum ki maƙala su a sandar ƙasa, Pin to taskbar. Can alamomi ne zalla. In kuma kina son sunayen tagogin da ke buɗe su fito a can, ki shiga Settings, Personalization, Taskbar, Taskbar behaviors, ki mai da Combine taskbar buttons and hide labels zuwa Never. Farkon fitowar Windows 11 babu wannan zaɓin, a 2023 aka maido shi.

Malama Mai Zane: Mu masu Mac ma babu wurin kashewa. Command da J ne ke buɗe saitin, a rage girman rubutun zuwa 10, ko a mai da shi gefen dama na alamar.

Uwar Biyu: Na gode muku duka. Na kai biyar sandar ƙasa, na goge sunan uku masu kibiya, takardun kuma na zuba su a folda ɗaya na bar mata sunanta, na ja ta can kusurwa. Yanzu fuskokin yaran sun fito sarai.