Kwantiragin ajiyar kuɗi tsakanin mutum uku: yaya ake tabbatar da shi ta lissafi?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kwantiragi ne na Solidity, wato manhajar da ke riƙe kuɗi a kan Ethereum, an rubuta ta da yaren Solidity: mai saye ya zuba ETH (kuɗin intanet na Ethereum), mai sayarwa ya kai kaya, mai sulhu ya raba gardama in ta taso. Gwaje-gwaje duk sun wuce, amma gwaji abin da aka tuna kawai yake dubawa. Daga ina ake fara hujjar lissafi?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam. Malam, fara rubuta ƙa'idoji kafin ka taɓa wata manhaja. Ta ɗaya: a ciniki guda ba a biyan mai sayarwa kuma a mayar wa mai saye. Ta biyu: kuɗi ba sa maƙalewa har abada. Zana su da TLA+, yaren bayyana tsari ta lissafi, yanayi biyar: an zuba, an kai, gardama, an biya, an mayar. Ka ba TLC, manhajar da ke bin duk yanayoyin tsarin TLA+, ciniki biyu da kuɗi daga 0 zuwa 3. In ka ƙara, yanayoyin za su yi ta ninkuwa har binciken ya ƙi ƙarewa.

Ƙa'ida ta biyu ce mai wuya. TLC zai nuna maka hanyar da kowa ya yi shiru, kuɗi suka maƙale. Kada ka rufe ta da zaton cewa dole mai sulhu ya amsa, domin yana iya ɓatar da mabuɗin sirri na asusunsa. Sa wa'adi, bayansa mai saye ya karɓi kuɗinsa da kansa.

Amsa ta biyu: Haka ne, sai dai TLA+ tsari yake dubawa, ba Solidity ɗin da za a ɗora ba. Mayar da ƙa'idar farko `assert` (layin da ke cewa dole sharaɗi ya tabbata), ka kunna SMTChecker, mai binciken lissafi da ke cikin Solidity, da `--model-checker-engine chc`. Injin yana ɗaukar cewa kiran da ya fita waje zai iya dawowa cikin kwantiragin kafin aikin farko ya ƙare. Ta wannan ƙofa aka kwashe kusan ETH miliyan 3.6 daga The DAO, wani asusun zuba jari a kan Ethereum, a Yunin 2016. Saboda haka canza yanayi tukuna, sannan ka tura kuɗi.

Kuma kar ka rubuta cewa abin da ke asusun kwantiragi daidai yake da jimillar ajiya. Ana iya cusa masa ETH da `selfdestruct`, umarnin da ke sa wani kwantiragi ya tura duk kuɗinsa ga wani ko bai yarda ba, don haka `>=` (ya fi ko ya yi daidai) za ka sa.

Amsa ta uku: Ku kula da abin da ba a rubuta ba. A Nuwamban 2017 wani ya kira `initWallet`, aikin da ke naɗa mai asusu, a kwantiragin da walat ɗin kamfanin Parity suka dogara da shi, ya zama mai shi, ya rushe shi, ETH sama da 500,000 suka daskare. Saboda haka a rubuta wa kowane aiki wanda ke da izinin kiransa. Certora, wata manhajar tabbatar da kwantiragi, na barin ƙa'ida ɗaya ta bi dukkan ayyukan.

Sannan a gwada hujjar kanta. Cire layin da ke duba mai kira da gangan, ka sake binciken. In har ya wuce, ko ƙa'idarka ba ta taɓa wurin ba, ko sharuɗɗan da ka gindaya suna karo da juna.