Mahayi zai iya kasa jin cewa ƙafar dokinsa ta tafi?

Mai_Bikili ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da ta tsaya mini a rai tun shekaranjiya, na ce bari in kawo ta nan ko masu sani za su warware mini.

Ni dai ɗan kilisa ne, dawaki biyu gare ni a turke, kuma ko kwalbati ban taɓa tsallakewa da doki ba. Amma ina son kallon gasar nan ta Turawa mai kashi uku: a fara gwada ladabin doki da takunsa a fili, sannan a shiga daji a yi ta tsallake kututture da rami da ruwa, rana ta ƙarshe a dawo tsallaken sanduna. A cikin kallon ne na ci karo da abin da ya faru a Kentaki ta Amurka a watan Afrilun 2007.

Amy Tryon ba ƙaramar mahayiya ba ce, tana cikin tawagar Amurka da ta ci tagulla a Olamfik na 2004. Ran nan tana kan wani doki mai suna Le Samurai, saura shinge ɗaya su gama zagayen daji, sai dokin ya yi mugun taku, ƙafar gaba ta hagu ta saki. Ba ta tsaya ba. Suka tsallake na ƙarshen, suka ƙetare layi, sannan ta diro. Ashe jijiyoyin da ke riƙe da gaɓar ne suka tsinke. Bayan 'yan kwanaki aka yi masa allurar da ta raba shi da wahala. Kotun FEI, wato hukumar wasannin dawaki ta duniya, ta dakatar da ita wata biyu, ta ci ta tarar faran 1,000 na Siwizalan ban da kuɗin shari'a. Suka ce an cutar da doki, amma ba da gangan ba.

Abin da ya sa ya dame ni shi ne na taɓa yin irinsa. Bara bayan Babbar Sallah muka fita sukuwa da abokai. Ina kan bikilina, muna kai da kai da wani akawal, sai na ji kamar an zare wani abu daga ƙarƙashin sirdi. Kansa ya fara ɗagawa duk sanda ƙafar dama ta taɓa ƙasa. Yara na ihu a gefe, akawal na shirin wuce ni, na sa masa ƙaimi. Da dare bayan ƙafar ya kumbura, ka taɓa ka ji zafi kamar garwashi. Wata takwas yana ɗaure, har yau bai koma sukuwa ba. Duk wanda ya tambaye ni na ce ban ji komai ba. Ƙarya nake yi, na ji.

To tambayata: wanda hawa ne sana'arsa, zai yiwu da gaske ƙafar doki ta tsinke a ƙarƙashinsa bai sani ba? Ko dai duk irina ne, an ji an danne?

Ɗan Barga a Ingila ya amsa:

Wa alaikumus salam Malam. Shekarata shida ina kula da dawakin gasar nan a wata barga a nan, ni ke wanka, ni ke ɗaure ƙafa, ni ke jira a bakin layin ƙarshe da bokiti. Bari in faɗa maka yadda abin yake daga ƙasa.

A manyan gasa irin Badminton da Burghley da Kentaki, zagayen daji ya haura kilomita shida, tsalle ya kai arba'in zuwa arba'in da biyar, kuma ana so ka yi gudun mita 570 a minti ɗaya. Lissafa ka gani, mita tara da rabi ke nan kowace daƙiƙa. Duk daƙiƙar da ka ƙara a kan lokacin da aka yanka, ana rubuta maka laifi 0.4. Mutum ya yi minti goma sha ɗaya a haka, numfashinsa na fita da kyar, idonsa na kan agogon hannu da shingen da ke tafe.

Kuma mugun taku ba baƙon abu ba ne. Doki kan yar da takalminsa, ƙafar baya kan sari dugadugin ta gaba, abin kariyar ƙwauri kan zame ya sauko. Duk waɗannan sukan sa ya ɗingisa taku uku huɗu ya ware. Mahayin da ya ga irin haka sau hamsin, a na hamsin da ɗaya zuciyarsa za ta ce masa wannan ma zai wuce. Saboda haka na yarda mutum zai iya kasa gane girman ciwon. Amma ya ce bai ji komai ba sam, wannan ban yarda ba. Matar da nake wa aiki tana gane doki bai da daɗi tun daga tafiyar da zai yi daga barga zuwa fili.

Akwai kuma abin da ba a faɗa a talabijin. Yawancin dawakin nan ba na mahayan ba ne, akwai masu su, suna tsaye a tanti suna kallo. Ka tsaya saura shinge ɗaya, a duba a tarar takalmi ne kawai ya fita, wataƙila wata mai zuwa dokin yana bargar wani. Na taɓa ganin uwar ɗakina ta ɗaga hannu ta janye a tsakiyar zagaye don ta ji doki ya yi nauyi a hannunta. Likita ya dudduba bai ga komai ba. Mai dokin bai yi mata magana ba har muka loda mota. Ni kuwa da na shafa ƙafafunsa da asuba na ji su sanyi ƙalau, wallahi sai da na yi hamdala.

Likitar Dabbobi ta amsa:

Malam Mai Bikili, abin da ka kwatanta na ɗaga kai alama ce da muke koya wa ɗalibai tun farko: idan ƙafar gaba ke ciwo, doki yakan ɗaga kai lokacin da ita ta taka, ya sauke shi lokacin da mai lafiyar ta taka. Jikinka ya karanta daidai.

Jijiyar da ake magana a kai tana bin bayan ƙashin ƙwauri ta sauko ta riƙe gaɓar da ke sama da kofato, kamar majanyi. A cikin sukuwa akwai lokacin da nauyin doki gaba ɗaya, kilo ɗari biyar ko fiye, da na mahayi, yake sauka a kan ƙafar gaba guda. Idan jijiyar ta fara yagewa, kowane taku ƙari ne a kan yagewar, balle a ce an yi tsalle an dira a kanta. Ba mai iya rantsewa cewa da an tsaya nan take dokin zai rayu, domin wani lokaci takun farko ne ke gama komai. A Olamfik na Tokiyo a 2021, dokin Robin Godel na Siwizalan, Jet Set, ya tsinka jijiya gab da ƙarshen zagayen daji, bai ƙarasa ba, aka ɗauke shi a motar asibiti, duk da haka ba a iya ceto shi ba. Amma tsayawa ita ce kaɗai damar da ke hannun mutum.

Kada kuma a ce ai dokin da kansa ya ci gaba da gudu. Doki dabbar gudu ce, idan jininsa ya hau zai yi ta tafiya da ƙafa uku. Zafin sai jiki ya huce yake bayyana.

Masu tambaya me ya sa ba a ɗora shi kamar mutum: doki ba ya iya doguwar kwanciya, idan kuma ya jingina nauyinsa a kan ɗaya ƙafar na makonni, kofaton mai lafiyar ma sai ya kamu da ciwo. Nan ne yawanci ake rasa su.

Abu Sadik ya amsa:

Ni fa ina ganin an cika ɗora wa mahayi kaya shi kaɗai. Ina alƙalan gasa? Suna zaune gaban allon talabijin, suna da ikon ɗaga jar tuta su tsayar da duk wanda dokinsa ya gaji ko yake ɗingishi. Ina wanda ya tsara shingayen? A 1999 mahaya biyar suka mutu a Birtaniya cikin shekara ɗaya, yawanci doki ne ke bugun katako da ƙafafun gaba ya wuntsila ya danne mai shi. Sai bayan nan aka fara sa wa wasu shingaye ƙusar da ke karyewa idan an buge su da ƙarfi, katakon ya faɗi maimakon doki. Yanzu kuma faɗuwa ɗaya ta fitar da kai daga gasa. Wannan duk gyaran tsari ne, ba wa'azi aka yi wa mahaya ba.

Sannan hukuncin ma abin dariya ne. Wata biyu a kan ran doki? A Badminton ta 2018 an ga yadda mahayin Birtaniya Oliver Townend ya yi ta zuba wa dawakinsa bulala, abin da ya samu gargaɗi ne, ya fito ya ba da haƙuri. Daga baya aka rage bulalar da aka yarda da ita zuwa biyu a lokaci guda. Idan hukuma da gaske take, ta sa hukuncin da zai sa mutum ya ji tsoron ƙarasawa fiye da tsoron mai doki.

Ɗan Barga a Ingila ya amsa:

Abu Sadik, maganarka a kan hukunci ina tare da kai. Amma batun jar tuta, koma kan lissafin da na yi. Kafin alƙali ya gani a allo, ya tabbatar, ya kira na bakin shinge a rediyo, shi kuma ya ɗaga tuta, doki ya ci mita ɗari ko biyu. Tutar tana aiki a kan dokin da ya gaji, wanda ake ganin yana jan ƙafa tun daga nesa. Ciwon da ya zo farat ɗaya kuwa, linzami a hannun mutum ɗaya yake. Shi ya sa dokar FEI ta lissafa hawan doki mai ɗingishi da matsa wa wanda ya gaji a cikin cutarwa, ba ta tsaya tambayar niyya ba.

Baba Shamaki ya amsa:

Yaro, ni ban san gasar Turawa ba, amma na yi shekara arba'in a barga. Mahaifina idan muka dawo daga hawa ba ya tambayar wa ya riga wa. Durƙusawa yake ya bi ƙafafun nan huɗu da tafin hannu, in ya ji ɗumi a ɗaya ya ɗago ya dube ka, kai ma ka san sauran. Manzon Allah (SAW) ya ga raƙumin da yunwa ta rame shi, ya ce a ji tsoron Allah game da dabbobin nan da ba sa magana, a hau su suna da lafiya. Tunda ka faɗi gaskiya da bakinka, ka nemi gafara, ka riƙe bikilin nan da kyau. Kar ka sayar wa masu haya, za su ƙarasa shi.

Mai_Bikili ya amsa:

Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Ba zan sayar ba, dama wani ya taya shi watan jiya na ce a'a.

Ɗan Barga, ka sa na ɗan sassauta wa Amy Tryon ɗin nan, don ni ba agogo a hannuna, ba mai doki a tanti, ihun yara kawai ya ɗebe ni. Amma har yanzu shingen ƙarshen nan ne ya tsaya mini. Ko takalmi take zaton ya fita, ai an ga dokin ya canja taku.

Hajiya likita, wata tambaya. Kumburin ya sauka tun tuni, sai dai wurin ya yi kauri kamar an naɗe igiya a ƙarƙashin fata, kuma in ya yi tafiya mai nisa yakan ɗan yi ɗumi da yamma. Ƙanena na so ya hau shi a hawan Sallah mai zuwa, tafiya kawai ba sukuwa ba, amma kin san nauyin kayan ado da tsayuwar rana. In bar shi, ko in kawo shi a yi masa hoton jijiyar tukuna? Kuma nawa ake yi?