Baba ya ce a ce maka ba ya nan

Bitrus K.: Salama 'yan'uwa. Yau kam sai na fitar da abin da ke cina. Akwai wani dattijon ikkilisiyarmu, bazan kama suna ba, tun watan Yuni ya zo gidana da sassafe wai in taimaka masa da dubu 85 zai sayi taki, da zarar an cire masara zai biya ni. An cire masara, an yi Kirsimeti, gashi har mun doshi Ista. Jiya na je gidansa, ga mashin ɗinsa a zaure ga takalminsa a bakin ƙofa, na yi sallama sai ƙaramar 'yarsa ta fito tace "Baba ya ce a ce maka ba ya nan". Wallahi ni mai bin bashin ni kunya ta kama. Mutumin da ke tsayawa gaban jama'a yana raba jibin Ubangiji fa! Ko bai taɓa karanta Dokoki Goma ba ne inda Allah yace kada ka yi ƙarya? Ku gaya min, irin wannan Kirista ne?

Ladi: 😂😂 yarinyar dai ita ce mai gaskiya a gidan, a ba ta dattijancin

Malam Istifanus: Ɗan'uwa Bitrus sannu da haƙuri, amma gyara kaɗan. Babu inda Dokoki Goma suka ce "kada ka yi ƙarya". Buɗe Fitowa 20:16, shaidar zur a kan maƙwabci aka hana. Maganar shari'a ce, ka tsaya gaban alƙali ka ɗora wa mutum abin da bai yi ba. A riƙa faɗin aya yadda take.

Bitrus K.: Malam to shaidar zur ɗin gaskiya ce?

Malam Istifanus: Ban ce gaskiya ba ce. Kowace shaidar zur ƙarya ce amma ba kowace ƙarya ba ce shaidar zur. Dattijon nan wa ya yi wa shaida?

Markus: kansa mana, ya shaidi kansa cewa baya nan alhali yana nan 😂

Rifkatu: Malam Istifanus da girmanka kake buɗe wa mutane wannan ƙofar? To idan Fitowa bata ishe ka ba je ka Littafin Firistoci 19:11, a aya ɗaya aka haɗa sata da ƙarya da yaudarar juna aka hana. Kolosiyawa 3:9 ma haka, kada ku yi wa juna ƙarya. Yesu da bakinsa a Yahaya 8:44 ya kira Iblis uban ƙarya, bai ce uban shaidar zur ba. Ku masu zuwa makarantar Baibul da kun dawo sai ku fara yanka kalma kamar masu tsire har zunubi ya samu wurin zama.

Malam Istifanus: Rifkatu ki iya bakinki, makarantar da kike zagi ita ta yaye faston da ya ɗaura miki aure.

Dauda Mai Shago: Ni dai abin da na sani doka ta takwas ce, ta haramta duk wani ƙage da ɓata suna

Markus: ta tara dai

Dauda Mai Shago: Ta takwas. Tun ina yaro a katikisim na haddace

Markus: Ta takwas ai "kada ka yi sata" ce yallaɓai, koma ka ƙirga da yatsu

Hannatu J.: Ku biyun duk kuna da gaskiya, ku daina. Katolika da Lutheran suna haɗa maganar waɗansu alloli da ta gumaka su zama doka ɗaya, sai su raba ƙyashi gida biyu a ƙarshe, shi ya sa shaidar zur ta faɗo ta takwas a wajensu. Mu kuma ta tara. Goma ce dai a kowane ɓangare.

Markus: to su suka sauya ƙirga kenan

Dauda Mai Shago: Wa ya riga wani? Ku da kuka zo jiya jiya ne zaku koya mana ƙirga?

Mama Saratu: 'Ya'yana ba wannan ya tara mu ba. Ni abin da ya tsaya min a rai tun ɗazu, Bitrus ɗana me ya kai bakinka ga "wallahi"? Ubangiji yace kada mu rantse sam, i ɗinmu ya zama i, a'a ɗinmu ya zama a'a, yana nan a Matiyu 5. Kana kuka da ƙaryar wani kai kuma kana rantsuwa.

Bitrus K.: Mama ki yi haƙuri, sabon baki ne. Amma kuɗina fa

Yohanna Dogo: Ni ina bayan Malam. Ba kowace ƙarya ba ce zunubi, wata dabara ce. Rahab fa? Joshuwa 2, ta ɓoye 'yan leƙen asiri biyu a kan rufin gidanta, manzannin sarkin Yariko suka zo tace musu ai sun fita tun kafin a rufe ƙofar gari ku bi su da sauri, kuma mutanen suna kwance a saman kanta a lokacin. Matar nan sunanta na cikin jerin masu bangaskiya a Ibraniyawa 11, har cikin asalin Yesu a Matiyu 1 tana nan. Ga kuma ungozoma biyu a Masar da Fir'auna ya ce su kashe jarirai maza, suka ce masa ai matan Ibraniyawa kafin mu iso sun haihu, Allah kuma ya yi musu alheri. To ina hukuncin?

Malam Istifanus: Yohanna kada ka sa min magana a baki, ni ban ce wata ƙarya halal ba ce. Kalmar ayar kawai na gyara.

Rifkatu: Kun gani ko? Ka buɗe ƙofa ɓarawo ya shigo yanzu kana cewa ba kai ka gayyato shi ba. Yohanna, Ibraniyawa 11:31 bangaskiyarta aka yaba da yadda ta karɓi mutanen lafiya, nuna min inda aka ce madalla da ƙaryarta. Ungozoman ma cewa aka yi don sun ji tsoron Allah.

Yohanna Dogo: To da me ta cece su in ba da maganar da ta yi ba? Da tace suna sama da yanzu wani labarin ake. Ke yanzu ran rikici in maƙwabcinki ya shige ƙarƙashin gadonki masu adda suka tambaye ki, cewa zaki yi gashi nan?

Rifkatu: Zan iya yin shiru. Zan iya cewa bazan faɗa ba.

Yohanna Dogo: shirun ai amsa ce, ƙofa zasu ɓalle

Hannatu J.: Wannan gardamar ta girmi kakanninmu. Agustin, bishop ɗin Hippo a ƙasar da yanzu ake kira Aljeriya, tun wajen shekara ta 400 ya tsaya a kan cewa babu ƙaryar da ta halatta ko da don ceton rai ne, sai dai wata ta fi wata nauyi. Wasu malaman kuma basu bi shi ba. Amma ni tambayata, ran wa dattijon nan yake ceta? Fir'auna ne ya je masa ko Bitrus?

Ladi: ran dubu 85 😭

Dauda Mai Shago: Mu daina munafunci don Allah. Duk wanda ke nan ya taɓa cewa "gani nan a hanya" yana kwance a gado. Rifkatu ke da kike ta jero ayoyi, shekaran jiya ba ke kika ce min "ba ni da ko sisi" ba kina neman ragi, jakarki kuma na gani?

Rifkatu: Kai da kake rantse wa mutane "haka na saro" a kan kowane kwalin taliya kake da bakin magana? Karin Magana 11:1 taka ce, ma'aunin algus abin ƙyama ne ga Ubangiji. Je ka duba mudunka da aka bubbuge wa gindi.

Dauda Mai Shago: Wannan ita ce shaidar zur ɗin da ake magana! Malam ka gani ko? Ki kawo wanda ya taɓa kama mudu na

Markus: yauwa yanzu mun samu misali a aikace

Talatu: Tunda an zo maganar gaskiya, kuɗin ankon zumuntar mata na bara da aka ce masaƙa ce ta yi jinkiri har yau ba zane ba kuɗi, shi kuma dabara ce ko shaidar zur? Hananiya da Safiratu ma kuɗi ne ya kai su, Ayyukan Manzanni 5, suka ɓoye wani kaso suka ce duka kenan, tsakaninsa da matarsa awa uku aka fitar da gawa biyu.

Mama Saratu: Talatu ni ce ma'ajin, in da ni kike ki kira sunana. Rasit yana nan.

Talatu: Mama ni ban kama suna ba

Mama Saratu: Ba sai kin kama ba, na haife ki a wannan harkar.

Bitrus K.: Jama'a ni fa tambaya ɗaya na yi. Zabura 37:21 tace mugu ne ke cin bashi ya ƙi biya. Akwai wanda zai raka ni gidansa ko babu?

Malam Istifanus: Matiyu 18:15, ka fara samunsa kai da shi kaɗai kafin ka kawo wa jama'a.

Bitrus K.: Malam ta ina zan same shi, BA YA NAN

Gideon (admin): To ya isa haka, dare ya yi. Ga taƙaitawa don waɗanda basu bi ba. An tabbatar da cewa Dokoki Goma shaidar zur suka ambata ba ƙarya ba, Malam Istifanus ya yi daidai, kuma ya kamata wasu mata su koyi yi wa malamai magana da ladabi. Ta tara ce, wannan ba abin gardama ba ne. Maganar Rahab ta fi ƙarfin wannan zaure, a bar wa fasto. An ja kunnen ɗan'uwa Bitrus a kan rantsuwa, da kuma tona asirin dattijo a bainar jama'a, domin ko bai kama suna ba kowa ya san masu mashin a cikin dattawa ba su da yawa, kuma bana masara bata yi kuɗi ba kowa ya sani, mutum zai iya shiga ɗaki don kunya ba don mugunta ba. Maganar anko ba a nan ba. Zan rufe sharhi.

Rifkatu: Gideon kafin ka rufe gaya wa mutane dattijon kawunka ne

Gideon (admin): Wannan ba ya cikin abin da ake tattaunawa.

Bitrus K.: to ka gaya wa kawun naka gobe ƙarfe 6 na safe ina nan zuwa, ya shigar da takalmin ciki