Wane fis ya dace da taransifoma mai 300kVA?

Mai injin shinkafa a Kakuri, Kaduna: Assalamu alaikum, manyanmu. Muna da taransifoma mai 300kVA a kan layin 11kV, kuma kusan duk lokacin da aka dawo da wuta sai fis ɗin saman falwaya ya tsinke ya rataya. Wanda ke ciki na amfiya 15 ne. An ba ni shawarar a sa na amfiya 50, wai dokar lantarki ta yarda da ninki uku. Ina neman ra'ayinku kafin in saya.

Injiniya daga Barnawa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. A fara da lissafi. Da yake wutar mai layi uku ce, ana amfani da 1.732 a lissafin: idan aka raba 300 da abin da 1.732 sau 11 ya bayar, za a samu amfiya 15.7, wanda shi ne cikakken lodin taransifomarku ta ɓangaren 11kV, ta ɓangaren 415V da wuta ke fita zuwa injina kuwa kimanin amfiya 417 ne. Ke nan fis ɗinku bai ma kai cikakken lodi ba. Ga shi kuma a lokacin da wuta ta shiga taransifoma takan zuƙi abin da ake ƙiyastawa da ninki 12 na lodinta na tsawon kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, wato wajen amfiya 188 a naku. Ninki ukun da aka faɗa muku yana cikin sashe na 450.3 na kundin NEC, wato ƙa'idojin haɗa lantarki na Amurka, amma iyaka ce da ba a son a wuce, ba adadin da ake nema a kai ba. Ni na amfiya 25 nake ba da shawara.

Tsohon ma'aikacin NEPA, Tudun Wada: Na goyi bayan Injiniya a kan 25, sai dai ina so Alhaji ya fahimci abin da wannan fis ba zai yi masa ba. Fis ɗin falwaya irin na K, wato mai saurin narkewa, yakan buƙaci kusan ninki biyu na lambar da ke jikinsa, na tsawon minti biyar, kafin ya narke. Na amfiya 25 sai wuta ta kai wajen 50, kuma kafin nan taransifomar tana ɗauke da ninki uku na ƙarfinta, man da ke cikinta yana ƙara zafi. Aikinsa shi ne ya raba ta da layi idan ta ƙone daga ciki ko wayoyi suka haɗu, don kada a ɗauke wa unguwa wuta gaba ɗaya. Mai kare ta daga yawan lodi yana ƙasa, a ɓangaren 415V, kuma can ne na fi ganin sakaci: fida fila, wato akwatin rarraba wuta, mai hanya huɗu, kowace hanya da fis na amfiya 400, a bayan taransifomar da duka ƙarfinta 417 ne.

Injiniya daga Barnawa: Gaskiya ne, Baba. Kundin da aka ambata ya ƙayyade kashi 125 cikin ɗari a wannan ɓangare, wato wajen amfiya 521, kuma idan an raba kariyar zuwa hanyoyi da yawa, jimillarsu ba za ta wuce abin da aka yarda wa guda ɗaya ba. A masana'anta na fi son babbar bireka, wato makunnin da ke yanke wuta da kansa idan lodi ya yi yawa, mai amfiya 630 wadda ake iya saita ta, a rage ta zuwa kusan 500.

Tsohon ma'aikacin NEPA, Tudun Wada: A nan mun ɗan saɓa, ɗana. A zafin Maris da Afrilu, taransifomar da ke tsaye a rana tana aiki tun safe ba za ta daɗe a kan amfiya 500 ba. Ni kusa da 440 zan saita.

Malama mai koyar da lantarki, Unguwar Rimi: Ina tare da Baba a kan wannan. Zan ƙara da cewa NEC ba ita ke aiki a Najeriya ba, muna amfani da ita ne a matsayin ma'auni kawai. Tamu ita ce ƙa'idar haɗa lantarki ta NESIS ta 2015 da NERC, hukumar kula da harkar lantarki, ta fitar, hukumar NEMSA kuma ita ke duba aiki ta ba da shaida. Saboda haka, Alhaji, kada a bar yaran masana'anta su taɓa ɓangaren 11kV. A sanar da Kaduna Electric, ko a kira ɗan kwangilar da ke da shaidar NEMSA. A canza fis ɗin layuka ukun tare, iri ɗaya, domin idan ɗaya ya tsinke biyu suka rage, injinan da ke aiki da layi uku su ne ke ƙonewa. Wayar tagulla kuma da wasu ke ɗaurawa a madadin fis, babu wanda ya san adadin da za ta narke a kai.

Mai injin shinkafa a Kakuri: Na gode, Allah Ya saka da alheri. Shin irin na T ya fi na K dacewa da mu?

Injiniya daga Barnawa: Na T ya fi jinkirin narkewa, don haka ya fi jure tashin manyan injina, amma dole a gwada jadawalin narkewarsa da kariyar da ke gabansa a kan layin, don kada ta riga shi yankewa. Kafin nan, ku riƙa kashe babbar birekar duk lokacin da aka ɗauke wuta, idan ta dawo a tayar da injinan ɗaya bayan ɗaya, a fara da mafi girma.